Kicin Ɗinmu: Amsoshin tambayoyinku kan ƙananan sanwicin ciz na biki

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon da yawansu kan abu ɗaya ne, ƙananan sanwicin nan sirara dogaye da ake shafa musu ciz a jera a tire wajen biki ko walima. Na haɗa waɗanda suka yi kama da juna, in baki ga taki tambayar ba ki duba da kyau amsarki na cikin ta wata.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah taimako nake nema. Ƙanwata ce zata yi walimar sauka ƙarshen watan nan, Mama tace ni zan kula da kayan maƙulashe, mutum kamar 50 ne mata da yara. Na taɓa cin wani ɗan sanwici a bikin ƙawata, fari tas dashi babu gefen burodin nan, cikinsa ciz mai laushi, wlh har yanzu ina tuna daɗinsa. Ya ake yinsa kuma nawa zan siyo na komai? Ban taɓa yi ba ina tsoron kar inji kunya gaban mutane. Daga wata ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa a yi taro lafiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan abun ba wuta ba soya ba tafasa, in kika kiyaye abu uku kin gama: burodin da ya dace, haɗin da ba ruwa a cikinsa, da kuma sanyi.

Mu fara da lissafi tunda shi ne ke sa mutum ya yi asarar kuɗi. Yanka biyu na burodi in kika haɗa su kika cire gefen, zasu baki 'yan sanwici 3 masu faɗin kamar yatsu biyu. In kowa zai samu 3, mutum 50 kenan guda 150 kike buƙata, wato yankan burodi 100. Kafin ki biya kuɗin burodi ki ƙirga yanka nawa ne a leda ɗaya ki cire biyun nan na baki da baki don basa shiga lissafi, in 20 ne ya rage to leda 5, ki ƙara ɗaya saboda tsaro don dole wani ya yage wani kuma yaran gida su ɗauka. Haɗin ciz kuma kowane sanwici babba yana cin kamar cokali 2 babba, wajen gram 30, kinga 50 zai tashi kilo 1 da rabi kenan. Amma in akwai samosa da cincin da kek da sauran su a farantin, bibbiyu ma ya ishi kowa, sai ki sauko zuwa kilo 1 da burodi leda 4. Ni shawarata bibbiyun, ciz da tsada kuma abun yana da maiƙo, ba kowa ke iya cin uku ba musamman tsofaffi.

Burodi: yankakke mai kusurwa huɗu zaki nema, wanda cikinsa ya haɗe babu manyan ramuka, kuma ba mai zaƙi sosai ba. Burodin mu na shan shayi mai laushin nan da yake lotsewa da zarar an taɓa shi yana da daɗi amma wuƙa na hawansa zai manne ya zama ƙullu. Kuma kar ki siyo na ranar da zafinsa, wanda ya kwana ɗaya ya fi yankuwa da kyau. In zaki samu fari da mai ruwan ƙasa na alkama ki haɗa biyun, yanka ɗaya fari ɗaya ja, a tire yana ba da sha'awa sosai.

Haɗin kuma ga yadda nake so ki yi. Ki fito da kirim ciz ɗinki, wato farin ciz mai laushin nan na shafawa, daga firji kamar rabin awa kafin ki fara don ya saki, in da sanyinsa zaki shafa sai ya yaga miki burodi. A kowane gram 400 ki sa bota mai laushi cokali 2, lawashin albasa ɗanye koren kaɗai ki yanka siri siri sosai kamar cokali 3, masoro ɗan kaɗan, ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1. Ki buga da cokali mai yatsu ko muciya ƙarama har ya yi sumul. Sai ki ɗanɗana kafin ki sa gishiri, wannan ki riƙe shi da kyau, yawancin ciz da gishirinsa yake zuwa kuma botar ma wata da gishiri, da yawa anan suke ɓata haɗinsu. Dunƙulen magi bana so a ciki gaskiya, yana danne ɗanɗanon madarar gaba ɗaya, in dai dole sai kin sa to ɗan ɓarɓashi.

Ki raba haɗin gida biyu. Ɗaya ki bar shi haka don yara da waɗanda basa son yaji. Ɗayan ki goga karas a ƙananan idon abin goga, ki zuba a tsumma mai tsafta ki matse shi tamau har ruwan ya fita, ki haɗa da jan tattasai yankakke ƙanana shima a tsane shi, in mutanen gidanku masu son yaji ne ki sa rabin attaruhu ɗaya tak a cire 'ya'yan a daka. Kala biyu ya isa ƙanwata. Nasan mutum in ya shiga intanet ya ga hotuna sai ransa ya biya yace sai ya yi kala biyar, amma karon farko ne, kala biyu masu kyau sun fi miki kwanciyar hankali.

Wajen shafawa ki shimfiɗa yankan burodi da yawa a kan tebur mai tsafta lokaci ɗaya, kar ki tsaya yin ɗaya bayan ɗaya sai dare ya yi miki. Ki fara shafa bota siriri a kowane yanka har ƙarshen gefe, sannan ciz a kan yanka ɗaya shima har gefe, kaurinsa kar ya wuce rabin kaurin burodin. Ki rufe ki ɗan danna da tafin hannu a hankali. To anan kar ki yanka tukuna. Ki jera su uku uku ko huɗu huɗu ki naɗe da leda ki sa a firji ko da awa ɗaya ne, cizin zai kama jikinsa, lokacin da zaki yanka ba zai ɓullo ta gefe ba. Sai gab da fitar da abinci ki ɗauko wuƙa mai kaifi, mai haƙoran nan ta burodi ta fi, ki fara cire gefe huɗun sannan ki raba uku, kina jan wuƙar gaba da baya ba dannawa ba, kuma ki ajiye tsumma mai ɗan ɗumi kusa kina goge wuƙar bayan kowane yanka biyu. Goge wuƙar nan shi ne yasa na bikin ƙawarki ya fito fari tas.

A tire ki jera su a tsaye ta gefe, cikin yana kallon sama, manne da juna. Haka suna kare juna daga iska kuma mutane na ganin abinda ke ciki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni na gwada ranar sunan yayata, na sa kokwamba da tumatir a ciki, na haɗa tun da asuba amma kafin azahar burodin ya jiƙe sharkaf har yana ɗiga, wanda ke sama kuma ya bushe ya ƙanƙance. Haka na kwashe na ɓoye a kicin. Me na yi ba daidai ba? Daga Maraɗi.

AMSA: Ayya 'yar uwa, sannu, abin da ciwo mutum ya tashi da asuba ya yi aiki ya lalace. Amma matsalar taki mai sauƙin gyara ce, kuma biyu ce ba ɗaya ba.

Jiƙewar daga kokwamba da tumatir ne. Kokwamba kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne, kuma gishirin da ke cikin ciz yana jawo ruwan nan waje a hankali, burodi kuma ya shanye. To sai ki riga shi. Ki yanka kokwambar siriri sosai, ki barbaɗa gishiri kaɗan ki zuba a kwando ki barta minti 15 zuwa 20, zaki ga ruwan da zai tsiyaye da idonki, sannan ki shimfiɗa a tawul mai tsafta ki danna ki tsane. In mai manyan 'ya'ya ce ki raba ta biyu ki kankare tsakiyar da cokali. Tumatir kuwa ni dai ki cire shi gaba ɗaya daga irin wannan sanwicin, shi sai in nan take za a ci, baya jira. In kalar ja kike so jan tattasai zai baki.

Sannan botar da na ce wa ƙanwarmu ta Zariya ta shafa, ba don daɗi kaɗai bane. Mai da ruwa basa haɗuwa, shi yasa botar take zama katanga tsakanin burodi da ruwan kayan lambu, amma sai kin kai ta har ƙarshe, duk inda kika bari a buɗe ta nan ruwan zai shiga. Kuma duka yanka biyun ake shafawa.

Bushewar kuma daga iska ne, tunda kin cire gefen kin yanka tun da asuba kin bar cikin burodi a fili. Irin iskar mu ta hunturu ma ai minti kaɗan ya isheta ta busar da shi. Ki jiƙa tawul ɗin kicin mai tsafta ko tishu mai kauri ki matse shi sosai har ba ya ɗiga ko kaɗan, danshi kawai ake so, ki lulluɓe sanwicin dashi sannan ki rufe da leda ko murfin roba ki sa a firji. Kuma kar ki fito dasu duka lokaci ɗaya, tire ɗaya in ya ƙare a kawo wani.

Wani abu da baki tambaya ba amma zai miki amfani: haɗin cizin kansa zaki iya yinsa tun jiya da daddare ki sa a roba mai murfi a firji, har ma ya fi daɗi don ƙamshin ya shiga jikinsa. Sai dai in da ɗanyar albasa fara ko tafarnuwa a ciki ƙarfinsu yana ƙaruwa in sun kwana, shi yasa nafi son lawashi.

TAMBAYA: Anti a garinmu babu kantin da ake saida kirim ciz ɗin nan, sai an je Kano kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Zan iya amfani da mai hoton saniyar nan? Ko akwai yadda zan yi nawa a gida? Akwai Fulani kusa damu madara da nono basa mana wuya.

AMSA: 'Yar uwa ai ke kike da arziƙin, mai madara a ƙofar gida bata rasa ciz ba.

Mai hoton saniya mai dariya, wato La Vache qui rit, yana yi sosai. Kamfanin Bel na Faransa ne ya fito dashi tun 1921, kuma 'yan uwanmu na Nijar da Cadi da Kamaru sun fi mu saninsa, da shi suke cin burodinsu dogon nan da safe. Shi narkakken ciz ne da aka dafa aka zuba a takardar azurfa, shi yasa ya fi kirim ciz jure zafi kafin a buɗe. Ki ɓare guda 8 ki sa bota cokali 1 da madara cokali 1 ki murje da cokali mai yatsu har ya yi laushi, kar ki ƙara gishiri. Kiri shima na kamfanin ne kuma ya fi kusa da ɗanɗanon kirim ciz. Akwai kuma na kwalba irin Puck da waɗanda suka je Umara ko Hajji suka saba gani a Saudiyya, shi yana da ɗan ruwa ruwa, in zaki yi dashi ki rage yawan da kike shafawa ko ki haɗa da mai kauri.

Amma bari in gaya miki wanda nafi so, kuma da shi nake so matan mu su saba: tataccen kindirmo. Larabawan Sham da Labanan sun daɗe suna yinsa suna ce masa labna, kuma ba wani abu bane illa yogot marar suga da aka tsane ruwansa. Ki samu kindirmo mai kauri wanda ba a tsinka da ruwa ba kuma bai yi tsami sosai ba, ki sa gishiri kamar rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya, ki zuba a farin ƙyalle mai tsafta irin na tatar koko wanda kika tafasa shi, ki ɗaure baki ki ɗora a kan rariya, rariyar a kan kwano, ki sa duka a firji. Bayan awa 12 ya yi kauri, in ya kai awa 24 zai zama kamar ciz ɗin kanti ana yankarsa da cokali. Zai ragu sosai fa, ya koma rabi ko ƙasa da haka, to ki yi lissafinki da wannan. Yana da ɗan tsami mai daɗi wanda yake tafiya da kokwamba da na'a na'a, ba sai kin sa lemun tsami ba. Ki buga masa bota kaɗan don ya yi santsi.

In kuma ɗanyar madara gareki, ki ɗora lita 1 a wuta ta tafasa, ki sauke ki sa ruwan lemun tsami cokali 2 zuwa 3 kina juyawa a hankali, zata tsinke ta rabu kamar dai yadda ake awara. Ki bari minti 10 ki tace a ƙyalle, ki ɗan ɗauraye da ruwan sha mai tsafta don tsamin ya ragu, ki matse amma ba tamau ba. Sai ki zuba a bilenda da ɗuminsa, da gishiri kaɗan da bota cokali 1 da ɗan ruwan da kika tace, ki markaɗa har ya yi sumul babu gudaji. Lita ɗaya bata wuce ta baki gram 150 zuwa 200, ya danganta da maiƙon madarar. Madarar gari ma tana yi in mai cikakken maiƙo ce.

Abu ɗaya da ba zan ɗaga miki ƙafa a kansa ba shi ne tafasa madarar. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin na burusela da listeriya, ita listeriya ma a cikin firji tana ci gaba da hayayyafa, kuma tafi yiwa mai ciki da tsofaffi da jarirai illa. Gidan biki kuwa baki san wa zai ci ba. Kindirmon ma in baki tabbatar an dafa madarar kafin a kwantar ba, gara ki siyo madarar ki tafasa da kanki ki bari ta huce zuwa ɗumi ki sa cokali 2 na yogot marar suga ki rufe ta kwana.

Cukun nan busasshe na Abzinawa da ake kawowa daga wajen Agadas da Tawa kuwa ba na shafawa bane, ki bar shi wa shayi da fura. Wara da Fulani ke yi da ruwan tumfafiya tana markaɗuwa in sabuwa ce, amma ki tafasa ta a ruwan gishiri tukuna kuma ki sani bata da tsami ko kaɗan sai kin taimaka mata da lemun tsami.

TAMBAYA: Hajiya ni sana'ar kayan maƙulashe nake yi, an bani odar sanwicin ciz guda 300 na kamu, za a fara ƙarfe 4 amma amarya tace in kai tun 12. Ga zafi ga rashin wuta. Zai kai?

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara kasuwa. Amsar gaskiya ita ce ba zai kai ba in dai a tire za a ajiye shi a ɗaki, kuma dan Allah kar ki yarda ko da ran amarya zai ɓaci.

Ƙa'idar da hukumomin kula da lafiyar abinci na Amurka suke bayarwa ita ce abinci mai lalacewa irin madara da ƙwai da nama kar ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ne kacal. Ki duba garuruwanmu a watan Maris zuwa Mayu, 40 ma muna gani. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma abin tsoron shi ne ba lallai sanwicin ya yi wari ko ya canza ɗanɗano ba. Akwai wata ƙwaya, sitafilokokas, da take zaune a fatar mutane da hancinsu lafiya lau, in ta shiga abincin da aka taɓa da hannu kuma ba za a sake dafawa ba sai ta saki guba a ciki, cikin 'yan awanni mutane su kama amai da murɗawar ciki. Sanwici kuwa daga farko har ƙarshe hannu ne. Kiyi tunanin yara da tsofaffin da zasu ci, sannan sunan sana'arki da kika sha wuya kika gina.

Ga yadda zaki yi. Ki samu kula babba, ki daskarar da ruwan leda ko na gora tun kwana biyu kafin ranar ko ki siyo ƙanƙara, ki shimfiɗa a ƙasan kular ki ɗora tawul a kai. Sanwicin ki jera a robobi masu murfi da danshin tishu a samansu, ki sa a ciki, ki ƙara wasu gorunan a sama don sanyi ƙasa yake sauka. Ki rufe kar a dinga buɗewa, a ajiye a inuwa ba a but ɗin mota ba. In amarya ta dage sai 12 to da kular zaki kai, ki bar yarinyarki ɗaya a wajen da tire da safar hannu ta dinga fitarwa kaɗan kaɗan daga ƙarfe 4. Kuɗin ƙanƙara da na yarinyar ki sa su a cikin farashi tun farko ki yi wa mai oda bayani, mutane in aka gaya musu dalili suna ganewa.

Wajen haɗawa ma ki wanke hannu da sabulu, ki cire zobe, duk mai ciwo ko yanka a hannu ko mai mura kar ta taɓa. Katakon da kike yanka ɗanyen kaza daban, na burodi daban. Wanda ya rage a tire bayan taro ya sha rana ya sha hannu kar a ƙulla wa mutane su tafi dashi gida.

Kuma kar ki ce zaki sa a firiza tun sati ɗaya don ki rage aiki. Kirim ciz in ya daskare ya narke yana yin gari gari, mayonis ya tsinke, kokwamba ta zama ruwa. Burodin kaɗai ne zaki iya daskarar wa.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne ɗalibi amma ina bin shafin nan. Wai wannan ɗan ƙaramin sanwicin da ko cika baki baya yi daga ina ya samo asali? Kuma ciz ɗin nan mai tauri ja da ake gogawa a kan fiza ana iya yi dashi?

AMSA: Sannu ɗana, naji daɗi da maza ma suna leƙo mu. Daga Ingila ya fito, daga al'adarsu ta shan shayin la'asar. Ana danganta farkon al'adar ga Anna, matar Duke na Bedford, wani basaraken Ingila, wajen shekarar 1840. A lokacin manyan gidaje sai wajen ƙarfe 8 na dare suke cin abinci, ita kuma yunwa na kamata da yamma, sai ta sa a dinga kawo mata shayi da burodi da bota da ɗan kek, daga baya ta fara gayyato ƙawayenta abin ya bazu. An yi shi ƙarami ne don na riƙon ciki ne kafin abincin dare, kuma a ɗauka da yatsu a ci ana hira ba a ɓata tufafi ba. Har yau manyan otal na Landan irin Ritz suna yi, da na kokwamba da na ƙwai da mayonis da na kifi. Kirim ciz ɗin kansa kuma a Amurka aka fara yinsa da yawa na sayarwa, a jihar New York cikin shekarun 1870, sunan Philadelphia da ake gani a kwalin wani kirim ciz daga 1880 aka fara amfani dashi.

Mai taurin, in ceda kake nufi, ƙwarai ana yi. Mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka ma suna da nasu sananne da suke haɗa gogaggen ceda da mayonis da wani jan tattasai marar yaji da ake kira pimento, har a gasar golf ta Masters da ake yi a Augusta ta jihar Jojiya an san su da saida sanwicinsa kan dala 1.50 shekara da shekaru. In zaka gwada ka goga ceda kofi 2 da kanka, wanda aka goga aka sa a leda ana barbaɗa masa sitaci don kar ya manne shi yasa baya haɗewa da kyau. Ka gasa jan tattasai ɗaya a kan wuta har bayansa ya yi baƙi, ka sa a leda ya yi gumi ka saluɓe fatar ka yanka ƙanana ka tsane, ka haɗa da mayonis cokali 4 zuwa 5 da ɗan garin barkono. Wannan ya fi ƙarfi a baki, maza sun fi sonsa. Amma wanda aka fi sawa a fiza mai jan zaren nan mozarela ne, shi sai da zafi yake daɗi, a sanyi kamar ba komai, kar ka ɓata kuɗinka.

TAMBAYA: Anti naji ance wani ciz ɗin ba halal bane, gaskiya ne?

AMSA: Maganar tana da tushe 'yar uwa. Yawancin ciz mai tauri ana daskarar da madararsa ne da wani sinadari da ake kira renet, asalinsa daga tumbin ɗan maraƙi ake cirowa, to anan malamai suka yi saɓani in dabbar ba yankan Musulunci bace. Yanzu kamfanoni da yawa sun koma wanda ba na dabba ba. Ki juya kwalin ki duba tambarin halal ko alamar cewa masu cin ganyayyaki zalla zasu iya ci, ki kuma duba ko an sa jelatin don wasu masu ƙarancin maiƙo ana sa musu. Hukuncin kansa ki tambayi malamin da kika aminta dashi. In kuma zuciyarki bata kwanta ba ga tataccen kindirmo can na yi bayani a sama.

TAMBAYA: Anti surukata ta ganni ina yanke gefen burodi tace wannan almubazzaranci ne, na rasa me zan ce mata. Dole ne sai an cire?

AMSA: Mama ta yi gaskiya in dai zubarwa za a yi, gefen yanka 100 ba ƙaramin burodi bane a wannan tsadar. Ba dole bane a cire, in na gida ne ki bar abinki ki yanka kusurwa uku. Na biki ana cirewa ne don laushi da kyan gani, to sai ki nuna mata inda gefen zai tafi.

In kin san zaki adana shi ki yanke gefen kafin ki shafa komai, sai dai ki rufe burodin da danshin tawul nan take. Gefen da ba a shafa wa komai ba ki baza a tire ki sa a oben da ƙaramar wuta ko ki shanya a rana a rufe da ƙyalle har ya yi ƙarau, ki daka ko ki niƙa a bilenda ki zuba a kwalba, kin samu garin burodi na shafa wa kaza ko kifi ko ƙwallon doya kafin a soya, wanda da kuɗi ake siyansa a kanti. Wanda kuma ciz ya riga ya taɓa ba ya ajiyuwa, ki zuba a kasko da ɗan bota ki juya har ya yi ja ya yi ƙamshi, ki zuba a faranti ki kai wa Mama da shayi mai zafi tun kafin baƙi su iso, yara masu taya ki aiki suma a basu nasu.